Ungozoma a Cikin Gajimare

Abin da Kyaftin ya yi wa yayarsa rashin mutunci ne, ba shi da wani suna. Mutum ya kawo maka tsoronsa don ka rage masa, kai kuma ka mayar da shi abin dariyar dangi. Duk wanda ya kira wannan wasa bai san wasa ba.

Yayar tasa ungozoma ce, shekara talatin tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta yi ritaya. 'Yarta ɗaya tilo tana aure a wata ƙasa mai nisa, cikinta na fari ya shiga wata takwas, ta aiko wa uwar da tikitin jirgi. Saura mako uku tafiya. Matar da jini bai taɓa firgita ta ba, sai ga ta ta kasa cin abinci. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: idan gajimare ya rufe ƙasa, matuƙi ba ya ganin komai, da me zai sauka? Har ta fara shirya ƙaryar da za ta yi wa 'yar, cewa ciwon ƙafa ne ya tasar mata.

Kyaftin ƙaninta ne, mai gyaran waya. Laƙabin ya same shi ne saboda ɗakin da ya ware a gidansa, inda ya kafa kwamfuta mai allo uku, da sitiyarin jirgi, da kujerar wata tsohuwar mota da ya ɗaure a kan katako. A nan yake tuƙa jirgin kwamfuta, irin wanda ke kwaikwayon na gaske har da agogunan gaban matuƙi. Yayar ta same shi ranar hutu, ta sauke girmanta, ta roƙe shi ya nuna mata yadda ake sauka idan ba a gani.

Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ya zaunar da ita, ya zaɓa mata jirgi mafi girma, mai inji huɗu da maɓallai fiye da ɗari, ya ƙara ruwa da iska da tsawa. Sannan ya jingina wayarsa da kofi tana ɗaukar bidiyo. Ko minti biyu ba a yi ba jirgin ya soka hanci a ƙasa, ita kuwa tana riƙe da sitiyari tana salati.

"Yaya, mutum ɗari huɗu kika gama da su," in ji shi. "Duk yaran da kika karɓa kin biya."

Kafin ta isa gida bidiyon ya shiga zauren dangi na waya. Da yamma ta fito da kayan da ta riga ta jera a akwati, ta mayar da su kabad.

Washegari matar Kyaftin ta yi mata sallama. Malamar lissafi ce a firamare, mace marar yawan magana. Ta ba da haƙuri a madadin mijinta, sannan ta faɗi abin da ko shi bai sani ba: shekara biyu ke nan tana hawa kujerar nan idan ta taso daga makaranta shi yana shago. Ta ce ba a fara koyo da wannan ƙaton. Akwai ƙarami mai farfela ɗaya da kujera huɗu, wanda maigidan ke kira akwala, kuma shi ne mai haƙuri da ɗan koyo domin a hankali yake tafiya. Yaya ta ce ita ta gama da jirgi. Malama ta ce to, ta zo ta sha shayi kawai.

Ta je shan shayi kwana goma sha biyu a jere. Kwanakin farko sararin garau yake, ta koyi miƙewa da karya kwana. Rana ta shida Malama ta saka gajimare, allon ya yi fari fat, sai ta ɗora yatsa a kan wani agogo mai allura biyu. Ta ce daga titin sauka ake turo sigina. Allurar tsaye tana gaya maka ko titin yana dama ko hagu, ta kwance kuma ko ka yi sama da yawa ko ƙasa. Idan suka gitta a tsakiya, kana kan hanya, ko kana gani ko ba ka gani.

Yaya ta yi kuskuren da kowane sabo ke yi. Allura ta ɗan matsa hagu, ta fizgi sitiyari hagu. Allura ta gudu dama, Yaya ta bi ta a guje. Jirgin ya yi ta layi kamar mashayi. Malama ta ce ta daina farautar allura, ta gyara kaɗan ta jira.

"Jiran ne ba zan iya ba. Ban ga komai ba fa."

"Yaya, jaririn da ke ciki ganin sa kike yi?"

Ungozoma ta ce a'a, bugun zuciyarsa take saurare, kuma ta sha tsawata wa mata masu yin nishi kafin lokaci. Ta gyara zama, ta ce a sake.

A rana ta goma sha biyu allurorin suka tsaya a tsakiya. Malama tana karanta mata tsayi: ƙafa dubu, ɗari biyar, ɗari uku. Sai farin ya yage, ga fitilun titi jere a gabanta. Saukar ba ta yi kyau ba, taya ɗaya ta ɗanɗani ciyawa, amma jirgin ya tsaya da ƙafafunsa. Yaya ta saki sitiyari ta share tafin hannu da mayafi, ta tambaya ko na gasken ma suna da allurorin nan. Malama ta ce suna da irinsu, kuma su ba kwana goma sha biyu suka yi suna koyo ba.

Kyaftin ya shigo cin abinci ya tarar da su. Ya leƙa allon ya fara bayanin cewa ta ɗan yi gudu da yawa. Babu wadda ta juyo.

A wannan kujerar ta kira 'yarta ta ce tana nan tafe. 'Yar ta ga bidiyon tun ranar, ba ta dai ce komai ba. Ta ce mijinta zai ƙara tikiti ɗaya na ɗan rakiya, wa za a rubuta? Kyaftin ya gyara wuyan riga, domin duk tuƙin nan nasa bai taɓa taka jirgin gaske ba.

Sunan Malama aka rubuta. Kyaftin ne ya kai su filin jirgi, ya ɗauki akwatuna har bakin ƙofa, ya koma gida ya yi wata guda yana dafa wa kansa abinci.