Kabewar Mavluda da 'Yan Biki

Kabewar Mavluda ta nuna fal gona a farkon kaka, sai rediyo ya ce gobe raɓa za ta daskare. Kabewar da irin wannan sanyi ya taɓa ba ta ajiyuwa, ruɓewa take yi. Ga taraktarsu ta lalace, mijinta Rustam yana kwance da ciwon baya, mutanen ƙauyen kuma duk suna gidan maƙwabcinsu Ergash, ana bikin ɗansa.

Mavluda ta shiga gidan bikin da takalman gona, ta tsaya gaban makaɗa.

Ergash ya ce, "Yaya Mavluda, da wannan taɓon za ki yi mana rawa?"

Ta ce, "Ku dai ku yi ta rawarku. Amma wanda ya bari kabewata ta daskare, kada in gan shi a ƙofata bana yana neman samsa, gasasshiyar fulawar nan mai kabewa a ciki."

Aka kwashe da dariya. Ango ne ya fara tuɓe kwat ɗinsa, uwarsa tana ta salati. Nan da nan maza da mata suka jeru tun daga gona har ɗakin ajiya, suna miƙa wa juna kabewa, makaɗa na biye da su. Kafin rana ta faɗi ɗakin ya cika, har ƙofar ta ƙi rufuwa.

Washegari gonar ta wayi gari fara fat, babu abin da sanyin ya samu sai ganye. Mavluda ta tsaya ta kalla, sannan ta koma gida ta kwaɓa fulawar samsa.