Suturar Yahuza

Tun da fijon ta bar tashar Dutse, Kofur Falalu yake maimaita ƙaryarsa a zuci, kamar mai tilawa. Asibiti ne mai tsabta. Gado mai farin zane. Liman ya zo. Kafin su kai Jahun ya haddace ta tsaf, har ya ƙara mata fanka a sama.

Luba, matarsa, ita ta shirya masa ita a gidansu na Takur. Wata huɗu ke nan da dawowarsa daga yaƙin Laberiya, kullum yana cewa gobe zai je yi wa iyayen Yahuza, abokin aikinsa, ta'aziyya, goben ta ƙi zuwa. Ba tsoron mota yake ba. Shi ne ya binne Yahuza da hannunsa, kuma ya san tsohon sai ya tambayi yadda aka yi.

"Ka ce musu a asibiti ya cika," in ji Luba. "Wa zai je Laberiya ya bincika? Ka bar tsofaffi su samu sanyin zuciya."

Ya tarar da Malam Jaji, mahaifin Yahuza, a zaure bayan azahar, yana zaune a kan buzu, littattafai jibge a gefensa. Falalu ya cire takalmi ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi damina, aka yi wa mamaci addu'a. Aka kawo fura a kwano. Falalu ya lura labulen ƙofar cikin gida yana motsi, ga shi babu iska. Mahaifiyar Yahuza ce a tsaye a bayansa.

"Takardar da sojoji suka aiko layi uku ce," in ji Malam. "An ce kuna tare."

"Muna tare, Allah ya gafarta Malam."

Sai ya kwararo hadda. Harsashi ya samu Yahuza, aka kai shi asibiti, ya kwana biyu, har ya sha shayi ya yi hira. Ya cika da kalmar shahada. Aka yi masa wanka da ruwan ɗumi, aka sa shi a likkafani sabo fil, liman ya sallace shi, sahu uku. Bai manta da fankar ba.

Yana jiran ya ga fuskar tsohon ta saki. Maimakon haka sai Malam ya ajiye carbinsa a hankali.

"Ya sha shayi?"

"Ya sha, Malam. Da madara."

"Kuma aka yi masa wanka."

"Sosai kuwa."

Malam ya dubi tabarma. "To, Allah ya jiƙansa. Mu da muke zaton a fagen fama ya faɗi. Ka san wanda ya faɗi a can ba a yi masa wanka, ba a sa masa likkafani. Da jininsa da tufafinsa ake rufe shi, haka zai tashi gaban Ubangiji. Shekara guda ke nan da wannan nake rarrashin uwarsa. Ashe a gado ya mutu, kamar kowa."

Bayan labule aka ja numfashi, irin na wanda ke danne kuka.

Shekara goma sha ɗaya Falalu yana soja, bai taɓa jin wannan hukunci ba, karatunsa bai wuce izu biyu ba. Ya yi tafiyar awa guda ya zo ya ƙwace wa tsofaffi abu ɗaya da ya rage musu. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban kwamanda.

"Malam," ya ce, "ƙarya na yi."

Tsohon bai ɗago ba.

"Babu asibiti. A gonar roba ce 'yan tawaye suka yi mana kwanton ɓauna, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mu goma sha biyu ne, huɗu muka fita. Yahuza yana gabana, yana juyowa zai ce mini in sunkuya, aka same shi a wuya. Bai ƙara magana ba. Na ja shi cikin wani kwari. Da wuƙar bindiga da hular kwano na haƙa ramin, bai kai gwiwa ba. Ban yi masa salla ba, ana harbi. Gabas ma ban sani ba, kwana uku ba mu ga rana ba, na dai kwantar da shi a hannun dama. Da kakinsa, da jininsa. Ko fuskarsa ban goge ba."

"Ba ka goge ba?"

"Wallahi ban goge ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. Ya ɗauki carbinsa. Ya ɗan ɗaga murya wajen labule. "Kin ji ko? Bai goge ba."

Falalu ya so ya tsaya a nan. Amma baki ya riga ya buɗe.

"Sai dai abu ɗaya, Malam. Takalminsa. Nawa ya yage tun a fadama, ƙafata duk ta tsage. Na cire nasa na sa. Da shi na yi kwana tara a daji har na iso sansani. Babu takalmi na rufe shi."

Wata akuya ta leƙo daga waje, ta dube su, ta wuce. Falalu ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci, ko daga littafi ko daga uba.

Malam ya dubi ƙafafunsa, manya, duk tabo.

"Ya yi maka daidai?"

"Ya matse ni, Malam."

"Dole ya matse ka," in ji tsohon. "Ƙafar uwarsa ya ɗauko." Ya tura masa kwanon. "Sha furarka."