Mangwaron Malama Hafsat

Da malaman firamare suka shiga yajin aiki cikin bazara, Sharhabilu, shugaban ƙungiyarsu, ya zama kamar bai san kowa ba. Kullum yana kan babur tsakanin Boɗinga da Shagari, yana duba ko akwai makarantar da aka buɗe. Kuma gaskiya yana da hujja, an daɗe ana yi musu alkawarin ƙarin girma, shiru kamar an shuka dusa.

A Lambara ya tarar da Ja'afar, amininsa tun suna kwalejin horon malamai, cikin harabar makaranta da bokiti a hannu. Matar Ja'afar, Malama Hafsat, ita ta dasa 'yan mangwaro a bayan ajinta kafin ta rasu da damina, tana cewa ko ba ta ci ba yara za su sha inuwa. Tun daga nan Ja'afar yake ba su ruwa, yana roƙon Allah ya kai mata ladan.

Sharhabilu ya san duk wannan, da shi aka kai ta makwancinta. Amma sai ya ɗaure fuska, ya ce duk wanda ya hango malami a ciki zai ce yaji ya karye. Ja'afar ya roƙa a bar ko maƙwabci ya riƙa shiga, Sharhabilu ya ƙi. Ya sa wa ƙofa kwado, ya jefa makullin a aljihu, ya ce ai itace ba ya mutuwa don ƙishin kwana biyu.

Kwana biyun nan sai da suka cinye bazara. Ja'afar bai taɓa tsallake katanga ba, bai kuma sake roƙo ba. Ranar da aka janye yajin, ana ta yi wa Sharhabilu barka, ya zo buɗe ƙofa ya ga 'yan mangwaron sun zama sanduna tsaye, ko ganye ɗaya babu. Abin ya soke shi ƙwarai.

Washegari ya ɗauro sabon dashe a bayan babur tun daga Boɗinga. Ja'afar ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo ruwa, ya gaishe shi kamar baƙo.

"Na gode, Ciyaman. Aje su nan, a ba wani," in ji shi. "Waɗancan ita tad dasa su da hannunta."