Kunnen Hagu

A makon da aka gaya wa Clímaco ya fara haɗa kayansa, a makon ya dasa ayaba. Guda ashirin da huɗu ya jera a bayan gidan bakin rafi, daf da mangwaron da aka binne matarsa Dioselina a ƙarƙashinsa. Kowa ya san ayaba sai ta ci wata tara ko goma kafin ta ba mutum abin soyawa, shi kuwa wata ɗaya aka ba shi. Makiyayan gandun suka ce tsufa ya fara taɓa masa kai. Da maganar ta dawo kunnensa, sai ya ƙaro shida.

Gandun na Doña Zoraida ne, ta gada wajen mahaifinta, shanu ne har inda ido ya ƙare a filin Casanare. Shekara arba'in da ɗaya Clímaco ya yi yana yi musu kiwo, ashirin da shida daga ciki a gidan bakin rafi, tafiyar rabin yini a doki daga babban gida. Ba korar wulaƙanci aka yi masa ba, wannan ne ma abin haushin. Cikin ladabi aka ce ya huta. 'Yarsa Benilda har ta share masa ɗaki a garin Paz de Ariporo, da gado da fanka, shi da ragar lilonsa ta ishe shi barci tun yana yaro. Wanda ya kai wa uwar ɗakinsu Doña Zoraida shawarar kuwa mijin Benilda ne, Wílmer, sabon shugaban makiyaya. Cewa ya yi hannun Baba ya fara rawa.

To, yana rawa, Clímaco bai taɓa musu ba. Da safe in zai sha baƙin kofinsa marar sukari, da hannu biyu yake tallafe kofin. Amma ya san hannun nan nasa, da zarar ya damƙi dabba rawar ta ƙare.

Da damina ta kankama ciyawa ta tashi, aka tattaro shanu babban gida don aikin da aka saba, sa shaida da wuta, dandaƙa, da allurar rigakafi. Bana Wílmer ya zo da sabon abu daga gari, ƙwayoyin sa girma, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, da 'yan bindigogi biyu masu ƙatuwar allura. Ana tura ƙwayar ƙarƙashin fatar bayan kunnen maraƙi, ta zauna can tana narkewa a hankali har wata uku, in ciyawa ta wadata sai maraƙin ya fi ɗan'uwansa cika. Mazan da aka dandaƙe kawai za a yi wa, ban da karsana, ban da 'yan bijiman da aka ware don iri. Likitan dabbobi ya nuna musu a kan maruƙa biyu: a wanke kunnen, a tsane shi, a goge allura a soson magani bayan kowane maraƙi, a shiga tsakiyar kunne a kauce wa jijiya, a danne hujin allurar da yatsa. Ya hau motarsa ya tafi kafin hanya ta jiƙe.

Wílmer ya ɗauki bindiga ɗaya, ya waiwaya yana neman wanda zai ba ɗayar, sai ya gan ta a hannun surukinsa.

"Baba, ajiye wannan. Je ka zauna a inuwa, yanzu za a kawo maka nama."

"Kunne nawa ka taɓa riƙewa a rayuwarka, yaro? Ni na tsaga wa kakar uwar maraƙin nan kunne. Tsaya can, ni ina nan."

Doña Zoraida tana zaune a kan shinge da faffaɗar hularta, ta ce a ƙyale shi, ai aikinsa na ƙarshe ne. Clímaco ya ji wannan "na ƙarshe" sarai, ya haɗiye abinsa.

Shi bahago ne. Duk makiyayin da ke filin nan ta gefen hagu yake kwantar da maraƙi, kunnen dama ya kalli sama. Shi sai ta dama, kunnen hagu a sama. Amininsa Ovidio, mai jefa masa igiya, ya shekara talatin yana tsokanarsa a kan wannan, ran nan ma bai fasa ba. Ya ce aminina, kai ko a kabari sai an kwantar da kai a baibai. Clímaco ya ce in dai Ovidio ne zai yi haƙan, ya san ramin ba zai yi zurfin da za a sha wuya ba.

Cikin shingen ya yi caɓi har idon sawu, laka da kashin shanu sun zama abu ɗaya. Wílmer gwani ne, ba za a hana shi wannan ba. Kafin Clímaco ya gama maraƙi ɗaya ya yi uku, samarin suna ƙirga masa da ƙarfi suna shewa. Shi kuwa tsohon sai ya durƙusa, ya wanke kunne kamar mai yi wa jariri wanka, ya tsane, ya laluba da babban yatsa, sannan ya tura. Ta wutsiyar ido ya ga soson Wílmer ya faɗa cikin laka tun da hantsi, yana goge allurar a wandonsa. Sau ɗaya tsohon ya yi magana, ya ce soson nan ba don ado aka kawo shi ba. Wílmer ya nuna masa hadarin da ya haɗo a gabas, ya ce maruƙa ɗari uku ba za su jira wanka ba. Da aka tashi, Wílmer ya yi ɗari biyu da ashirin, Clímaco tamanin. Har waƙa samarin suka yi wa tamanin ɗin nan a wajen cin gasasshen nama, shi ma ya taya su.

Ya koma bakin rafi. Benilda ta aiko da ranar da mota za ta zo ɗaukar kayansa, shi kuwa ya ɗauki adda ya share ciyawar gindin ayabarsa.

Bayan mako uku aka sake tara maruƙan don duba kunnuwa. Tun daga nesa mutum zai gane ba lafiya. Wasu suna kaɗa kai, wasu kunnen ya kumbura ya rataye, ƙuda na bi. Da aka matsa na farko sai mugunya ta fito, ƙwayar ma ta biyo ta. Aikin ya tafi a banza ke nan, ga ciwo an jawo wa dabba. Doña Zoraida ta sauko daga shinge, ba ta ɗaga murya ba, ta tambayi wanda ya yi mata wannan ɓarnar.

Wílmer ya cire hula, ya ce shi ya sa tun farko bai so Baba ya taɓa bindigar ba, hannu mai rawa yaga fata yake yi. A hankali ya faɗa, amma kowa ya ji. Kuma ba ƙarya ya shirya ba, har zuciyarsa haka ya ɗauka. Wannan ne ya fi yi wa Clímaco ciwo. Yaron da ya koya wa sa babban yatsan ƙafa a likkafa, ya ɗauki 'yarsa guda ɗaya ya ba shi, ashe bai taɓa tsayawa ya kalli yadda yake aiki ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ko gezau bai yi ba.

Ya hau shinge ya zauna, ya ce wa Ovidio ya riƙa kamo masu kumburin ɗaya bayan ɗaya, kada ya ce komai sai kunnen da ya kumbura. Ovidio ya jefa igiya, ya duba, ya ce dama. Ya kamo wani, dama. Na uku ma dama. A na tara Doña Zoraida ta dubi tsohon, ta dubi hannunsa na hagu da ke kan gwiwa, sai dariya ta ƙwace mata, ta ce tun tana 'yar shekara goma take kallon mutumin nan yana kayar da maraƙi a baibai, yau ta ga amfaninsa. A na goma sha huɗu Ovidio ya ce hagu. Clímaco ya ce nasa ne, ya tuna shi, maraƙin ne ya fizge kai allura ta taɓa jijiya. Da aka gama, masu kumburi sittin da bakwai ne, uku a hagu.

Dariyar ta ɗauke daga fuskar uwar ɗakin. Ta ce wa Wílmer ya ɗaura wa dokinsa sirdi, kafin Lahadi tana son makullan ɗakin magani a hannunta. Clímaco ya tuna Benilda da 'ya'yanta biyu, ya sauko daga shingen.

"Ranki ya daɗe, ni na koya masa sauri, ban koya masa wanke kunne ba. Rabin laifin nawa ne. Ki bar mini shi damina ɗaya."

"Damina ɗaya, Don Clímaco? Kai da ake jira a gari ranar Asabar?"

"Ina da ayaba talatin a ƙasa, ranki ya daɗe."

Ta ce ta ji labarin ayabar. Ta gyara hularta, ta ce ta bar masa Wílmer, amma kan ayabar da ya fara nuna nata ne, kuma kada a aiko mata da shi, shi da kansa zai kawo.

Sauran yinin a wanke ƙuraje ya tafi. Clímaco ya sa aka kawo sabon soso da bokitin ruwan magani, ya ce Wílmer ne zai wanke duka sittin da bakwai ɗin, har da ukun nan nasa. Wílmer ya durƙusa a cikin laka bai iya ɗaga ido ba. Ya kai hannu ga kunnen farko, soson ya suɓuce masa, ya ɗauko wani. Clímaco ya durƙusa kusa da shi ya danne wuyan maraƙin da gwiwa.

"Hannunka na rawa, yaro."

"Na sani, Baba."

"Damƙi kunnen da kyau, zai daina."

Wílmer ya damƙa. Suka gama da wannan, Ovidio ya kamo na gaba.