Lambobin Injiniya

Bayan an share makoki, Auta ta ƙulle lambobin yabon Babanta a tsohon hankici, ta kama hanyar gidan Mai Lambobi. Ba ta yi kuka ba ranar da ya rasu, yau ma ba ta jin komai sai nauyin ƙafa.

Baban nata injiniyan sojan ruwa ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin inji, can ƙarƙashin jirgi, inda teku ma sai labari. Ya dawo gida da kunne ɗaya a mace, da wata ɗabi'a da ta gagari kowa: duk ƙarfen da ya gani sai ya goge shi. Kan famfo, mariƙin ƙofa, har cokulan Inna ba su tsira ba. Lambobin kuwa kullum da safe sai sun sha mai da tsumma. Wasiyyarsa guda ce, a kai su ɗakin Mai Lambobi, a jera su da sunansa kusa da na abokan aikinsa.

Mai Lambobi tsoho ne mai tara lambobin sojoji a akwatunan gilashi, kowace da sunan mai ita a ƙasa. Ya karɓi ƙullin da hannu biyu, ya yi mata gaisuwar rashi, ya gyara tabarau. Ya ɗauki ta farko yana juya gefenta a hasken taga. Ya ɗauki ta biyu. Ya ɗago kai ya dubi Auta.

"'Yata, wa ke goge su?"

"Shi da kansa, Baba. Tun kafin a haife ni."

"Ai a gefen nan ake sassaƙa sunan mutum da muƙaminsa. Taɓa ki ji."

Ta shafa da yatsa. Sumul, kamar bakin kofi.

"Ya cinye sunan da tsumma," in ji tsohon. "Na jabu sun cika kasuwa, shi ya sa ba na rubuta suna sai na karanta shi a jikin ƙarfen. In na karya wannan saboda ke, sunayen nan duka sun zama abin shakka."

"Amma ni 'yarsa ce."

"Na yarda da ke. Bayan ni da ke fa, wa zai shaida?"

Ya nuna mata akwatin da ke can ƙarshen ɗaki, na lambobin da ba a san masu su ba. Ya ce akwai wuri a ciki. Auta ta nemi fushi a ranta ta rasa. Ita da kanta ta jera su, sun fi duk na ciki ƙyalli.

Da ta koma gida, ta tarar da Inna zaune a tabarmar takaba, tana jan carbi.

"An karɓa?"

"An karɓa."

"Alhamdu lillahi. Kusa da wa aka sa shi?"

Auta ta tuɓe takalmi, ta zauna a bakin ƙofa.

"Yana cikin mutane, Inna."