Ranar da Ma'ajiya Ta Daina Amsa Sunanta

Injiniya ta dawo daga hutun kwana huɗu ranar Litinin, ko jakarta ba ta ajiye ba aka tare ta a bakin ƙofa. Ita ce mai kula da kwamfutocin ofishin, 'yar gajeriyar mace marar son hayaniya, kuma ba ta taɓa ganin ma'aikatan kusan duka a tsaye lokaci guda ba sai yau.

"Ma'ajiya ta ɓata," in ji akawu.

Ma'ajiya ita ce babbar kwamfutar da ke ɗakin baya, inda kowa ke adana takardunsa. Injiniya ta leƙa ta gan ta daram, fitilunta sai ƙiftawa suke yi. Ta zauna a teburin akawu ta rubuta sunan, allo ya ce bai san mai wannan suna ba. Ta rubuta lambarta, nan take takardu suka buɗe.

Tana cikin haka Manaja ya fito, fuska a murtuke. "Injiniya, wane irin sakaci ne wannan? Yi mini bayani yadda zan gane."

"Ranka ya daɗe, kowace na'ura tana da lamba, kamar gida a kan titi. Mu kuwa suna muke iya riƙewa. To akwai wani littafi a cikin na'ura mai cewa suna kaza, lamba kaza. Yau an tambayi littafin, ya ce bai san Ma'ajiya ba."

"Wa ya taɓa littafin?"

"Shi zan duba."

"Ki duba da kyau. Ko wane ne, yau sai ya sha takardar gargaɗi."

Mutum ɗaya ne bai tashi ba, Baba Sakatare, dattijon da ya fi kowa daɗewa a ofishin. Yana can lungu yana buga wasiƙa da yatsa biyu, Ma'ajiya a buɗe a gabansa.

"Baba, kai taka tana aiki?"

"Ai ni ba na kashe ta, 'yata. Tun da aka ba ni ita ban ga maɓallin ba, kuma ban tambaya ba."

Ta gane ƙofar da kwamfutarsa ta buɗe tun makon jiya ce ba ta rufe ba. Baba ya sunkuyo ya rage murya. "Ba gulma ba, amma ranar Juma'a Manaja ya dawo daga kwas ɗin shugabanci, na ga ya yage wata ambulan."

Ambulan ɗaya ta sani, wadda ta rufe kalmar sirrin shiga littafin a ciki ta ba Manaja saboda ko-ta-kwana.

Ta buɗe littafin sunaye. Inda Ma'ajiya take an rubuta Taskarnasarra. Firinta ta koma Himma. Kwamfutar Manaja kuwa Jagora, kuma daga Jagora aka yi duk gyaran, ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a.

Ta shiga ofishinsa ta turo ƙofa. "Ranka ya daɗe, na gano wanda ya taɓa littafin. Shi kansa bai san littafi ne ba."

Manaja ya dube ta, ya dubi silin, ya gyara wani fayil da ba ya buƙatar gyara. "A kwas aka ce mana suna mai kyau yana zaburar da ma'aikata. Ma'ajiya kamar ɗakin tarkace."

"Ya zaburar da su kam, duk suna tsaye."

"Su wa suka sani?"

"Ni da Baba."

"Wato kowa." Ya ja numfashi. "Yanzu sai a goge nawa?"

Ta ji tausayinsa, don ta lura har a bayan hannunsa ya gwada rubuta sunayen da biro. "Ba sai an goge ba. Na'ura tana iya amsa suna biyu, kamar mutum da laƙabinsa."

Ya ɗan saki fuska. "Nasara da r nawa ake rubuta ta?"

"Ɗaya."

"Ki cire ɗayar ba tare da kin tara mutane ba."

Cikin minti biyar ta mayar da tsofaffin sunaye kusa da sababbi. Sannan ta bi tebur-tebur tana sa kowace kwamfuta ta manta amsar da ta riƙe ta sake tambaya. Firinta ta farka ta amayo takardu arba'in, duk kwafin wasiƙa ɗaya da akawu ya yi ta aikawa tun safe.

Manaja ya fito ya sanar cewa a ƙarƙashin kulawarsa an shawo kan matsalar, kuma an yafe wa mai laifi. Aka tafa.

Za ta wuce ɗakinta Baba ya riƙo gefen jakarta. "Ni tawa fa, wane suna ya sa mata?"

Ta duba takardar sunayen da ke hannunta. "Haƙuri."

Baba ya koma kan wasiƙarsa. "Wannan ki bar shi, ya yi daidai."