Kunyar Ɗan Fari

Zamanin Turawa, da Gajere ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila aikin nas, duk Kusada murna ake, ban da uwarsa Ma'u. Mijinta ya daɗe kwance da shanyewar jiki, ita ke juya shi, ita ke wanke shi. Gajere ko buta bai taɓa miƙa masa ba, wai ɗan fari ne, yana kunya.

Rannan wani malamin asibiti ɗan Kankiya ya dawo daga can yana yabo: "Inna, ɗanki ke yi wa tsofaffin Turawa wanka, har kashi yake kwashe musu!"

Ma'u ta matse zanen shimfiɗar mijinta. "Ashe ya iya. Ka gaya wa yaron nan, na ubansa ma yana nan yana jiransa."